Sunan Yanka a Katin Rigakafi

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Damagaram ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na leƙa gidan suna a tare ni, in na fito cefane a bakin Jakara a tare ni, har masu rinin Ƙofar Mata da nake kai wa shadda sai da suka tsame hannu daga ruwan baba suka tambaye ni: wai na ce zan je ɗauko jika, ga shi na dawo daga ni sai jaka, lafiya? Wasu don Allah suke tambaya. Wasu kuwa na san su sarai, so suke su ji an ce na yi dambe da surukai. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni in huta.

Ɗana Habibu, na ukun 'ya'yana, shi ya tsallake 'yan matan Kano kaf ya je ya auro Dije a wani gari can gaba da Matamai, 'yar Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka kama noma. Yarinya ce mai hankali, ba ni da abin faɗa a kanta sai kunya, kunyar da ta wuce misali. Da ta sami ciki sai da ya kai wata biyar tana ɓoye shi a hijabi kamar kayan sata, wai ni da na haifi bakwai za a yi wa wayo. Na tasa ta gaba zuwa awo, na tsaya a kanta aka yi mata allurar masu ciki, wadda ke tsare jariri daga ciwon nan mai sandarar da jiki da ke shiga ta cibiya, na kuma mayar da ita aka yi ta biyu. Da cikin ya tsufa danginta suka zo suka tafi da ita goyon ciki. Ta haifi namiji, muna ce masa Baffa. Ban sami zuwa suna ba saboda ƙafata ta kumbura a lokacin. Arba'in ta wuce, wata uku ya wuce, aka shiga na huɗu, ba su dawo ba.

Ana nan sai mashaƙo ya shigo lungunmu. 'Yar maƙwabcinmu, yarinya 'yar shekara uku mai surutu kamar rediyo, kwana huɗu ta yi wuya a kumbure, aka kai ta asibiti a makare, aka dawo da ita a naɗe. Ubanta shi ne wanda in masu rigakafi suka shigo lungu yake fitowa soro yana gyara zaman hula, yana cewa gidansa ba a yi. Allah Ya ba shi haƙuri. Amma ranar da na shiga gaisuwa ban yarda mun haɗa ido ba, don abin da ke bakina ba ta'aziyya ba ce.

Da na koma gida na kira Habibu na ce, "Baffa an yi masa allurai?"

Ya ce, "Umma, ai duk sanda na buga waya sai su ce sun je asibiti."

"Zuwa na tambaye ka ko allura?"

Ya sunkuyar da kai yana shafa waya. Uba ke nan na zamani, ya san lambar takalmin kowane ɗan ƙwallo amma bai san ko an taɓa tsira wa ɗansa allura ba. Na ce ni zan je in gani da idona. In katin yaro ya cika in taho da su, in bai cika ba kuwa wani zai gaya min dalili.

Na isa tasha da sassafe aka cusa mu a mota, mu huɗu a baya, direba yana ta rantsuwa wai wurin mutum biyar ne. Kusa da ni wani Alhaji ne cikin farar babbar riga, ya cinye rabin kujera shi kaɗai. Tun kafin mu bar gari ya ji ina gaya wa matar da ke gefena abin da zai kai ni, sai ya gyara murya. Wai shi ya yi bincike mai zurfi a kan rigakafi. Binciken nasa duka a cikin waya yake, wani ya turo wa wani, wanin ya turo masa. Ya ce allurar nan kashe haihuwa take yi, wanda aka yi wa ya gama yawo. Haka ya yi ta zuba har Kazaure, yawunsa na sauka a mayafina.

Allah da ikonsa, mun wuce Kazaure kaɗan mota ta yi tari ta mutu. Direba ya ce maza a fito a tura. Alhaji ya tuɓe babbar riga da 'yar ciki ya ba ni ajiya, ya rage daga shi sai singileti. Ina ɗaga ido sai ga tabon lamba a dantsensa, ƙato, ya fi nawa fitowa. Na bari sai da mota ta tashi ya dawo yana haki.

Na ce, "Alhaji, 'ya'yanka nawa?"

Ya washe baki ya ce, "Goma sha huɗu, Hajiya, ga wani a hanya."

Na nuna dantsen na ce, "To kai taka allurar ta jabu aka yi maka ke nan."

Mota ta kwashe da dariya har direba. Alhaji ya fizge rigarsa ya ce wannan ta zamanin da ce, ba irin ta yanzu ba. Daga nan har Daura bai sake tofawa ba, na sami damar gyangyaɗi.

A bakin iyaka aka sauke mu kowa da kayansa. Wani dogon ma'aikaci cikin kaki ya duba takarduna ya ce, "Madam, mi ke cikin gwangwanin ga?" Ni da na sauke farali wai ni ce Madam, abin da a wurinmu mai gidan abinci ake ce wa. Na ce masa yajin jego ne, da hannuna na daka, citta da kanumfari da masoro da kimba, ga barkono kamar ba gobe, kada ya buɗe. Ya dube ni irin kallon ya kama mai fasa-ƙwauri, ya ɓalle murfi ya tura hanci ciki. Atishawa bakwai na ƙirga masa kafin hularsa ta faɗi. Yana hawaye yana kaɗa hannu yana cewa, "Wuce, Madam, wuce!" Na rufe gwangwanina na wuce.

Hausa ɗaya muke yi da mutanen can, amma sai ka yi da gaske. Asibiti su likita suke ce masa, ginin kansa, har na ji wata tana cewa an yi wa likitan garinsu sabon fenti. Burodinsu dogo kamar taɓarya, taurinsa ma haka, sai da na jiƙa shi a shayi kafin haƙorana suka yarda da shi. A Matamai na sauya mota na shiga a-kori-kura, aka ɗora min buhun albasa a kan ƙafa mai ciwon. Wani tunkiyarsa ta cinye min gefen ledar turaren wuta, da na yi magana ya ce in yi haƙuri, ba ta saba da baƙi ba.

La'asar sakaliya na sauka a gidan surukai. Karamci kam ba a cewa komai. Fura da nono irin wanda in ka sha sai ka raina na Kano, aka yanka min zabo, aka ba ni ɗaki mai sabon daɓe. Sauran zabin ne suka rama wa ɗan'uwansu, don tun gari bai gama wayewa ba suke taruwa a ƙofar ɗakin suna yi min kirari. Mahaifiyar Dije, Inna Hajjo, tsohuwa ce fara siririya, kunnenta ya yi nauyi. Duk abin da ka ce mata amsa ɗaya ce. Na ce mata na sha wahalar hanya, ta ce, "Lahiya lau." Na ce an yi mana rasuwa a maƙwabta, ta ce, "Madalla, lahiya lau."

Aka miƙo min Baffa. Yaro tubarkalla, ɓul-ɓul, ya kama yatsana ya ƙi saki, nan take na ji gajiyar hanya ta tafi. Uwarsa kuwa ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta wuce shi ko kallo babu, sai ka ce ɗan maƙwabta aka kawo aro. Kakar ce ke goya shi, ita ke masa wasa. In zai sha nono sai Dije ta shige ƙuryar ɗaki ta saki labule. Mu ma muna da kunyar ɗan fari, ko in ce mun taɓa yi, don 'yan matan Kano na yanzu hoton ɗan fari ne a fuskar wayarsu, sunansa ne a allon shagonsu. Da can ina tsaki a kan wannan rashin ta-ido. A gidan nan kuwa na ga inda aka kai abin ƙarshe.

Washegari bayan karin kumallo na ce a kawo min katin yaro. Aka yi ta kallon-kallo, ashe su karne suke ce masa. Aka zaro shi daga ƙasan jeren kwalla, a naɗe cikin leda, tsaf kamar takardar gida. Rubutun Faransanci ne, ban san ko alif a ciki ba, amma na raini jikoki, na san gidan kati da aka cike da wanda ba a taɓa ba. Layin farko, na ranar haihuwa, an cike shi, na duba hannun yaro ga lamba. Sauran gidajen fari fat. Yaro yana cikin wata na huɗu, rabonsa da allura tun ranar da ya zo duniya. Fuskar 'yar maƙwabcinmu ta tsaya min a ido.

Na kai baki kunnen Inna Hajjo na ɗaga murya, "Ba ku kai shi allura ba?"

Wannan karon ta ji. Ta ce, "Muna tahiya! Sau uku muna tahiya likita ran kasuwa. Mu aje karne, mu zamna har azahar, ba su kiran Baffa, mu ɗauki abunmu mu komo."

Na ce to shi ke nan, na gano masu laifi. Na wuni ina wasa harshe, ina shirya abin da zan gaya wa ma'aikatan da za su bar jariri a benci sau uku.

Da yamma na zagaya bayan ɗaki na tarar da Dije ita kaɗai tana wankin kayan yaron, inda ba mai ganinta. Na tsaya a kanta ina ta zagin mutanen asibiti. Ba ta ɗago ba. Can sai na ji ta ce, da murya kamar ta sauro, "Umma, suna kira."

"Suna kira? To me ya hana ku tashi?"

"Sunan ne."

Sai a lokacin na fahimta. Habibu sunan mahaifinsa ya sa wa yaron, marigayi maigidana, shi ya sa muke sakayawa da Baffa. A katin kuwa sunan yanka aka rubuta, shi ake kira. Inna Hajjo ba ta ji, ko ta ji ma Baffa take jira. Dije tana ji ras. Amma ta miƙe a gaban mahaifiyarta da matan gari ta amsa kiran ɗan fari, mai sunan surukinta kuma? Sai ta sunkuyar da kai har a wuce. Kuma ba ta iya gaya wa kowa ba, don yin zancen yaron ma rashin kunya ne.

Na yi mata tatas. Na ce kunya ce za ta tare masa tarin shiƙa, ko ita ce za ta buɗe masa maƙogwaro in mashaƙo ya shaƙe shi? Na ce in aka naɗe shi aka fita da shi, sai ta ji daɗin yin kunyar da hujja. Na ce mu a Kano mun daɗe da wuce wannan ƙauyanci, suna ai don a kira aka raɗa shi. Tana ta murza rigar yaron cikin ruwa hawaye na ɗiga a kai. Ta ce, "Kowane zuwa sai in ce yau zan tashi. In an kira sai ƙahwata ta ƙi." Na ji tausayinta, amma tsoro ya fi tausayin yawa, ban sassauta ba. Na ce ran kasuwa ni zan kai shi, ta zo ta ga yadda ake yi.

Sai da na jira kwana biyu kafin ranar ta zo. Muka tafi mu uku, ni da goyo, Inna Hajjo a gefe, Dije can baya kamar ba tare muke ba. Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa, mata sun cika benci har ƙasa, ga ma'auni a rataye ana saka jarirai suna wutsil-wutsil. Tun a ƙofa wata ta karɓi katin ta jefa cikin kwali tare da na jama'a. Malamar da ke allurar wata gajeriya ce mai tabarau, fuskarta ba alamar ta taɓa dariya. Muka zauna, rana ta yi sama, ba a zo kanmu ba. Sai na ji ta ce wa mata maganin da ke akwatin sanyi ya kusa ƙarewa, wanda bai samu ba sai wata kasuwar. Ni kuwa ban baro Kano don in zauna a benci ba. Na miƙe na ratsa mata na tsaya gaban teburinta, na ce yaron nan sau uku ana mayar da shi, yau sai an yi masa.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta jawo kwalin ta ce, "Sunan yaro?"

Na ce, "Baffa."

"Baffa sun fi goma cikin kwalin ga, kuma ba mu rubuta Baffa. Sunan yanka."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki, sai na ji ba abin da ya fito.

Shekara talatin da huɗu na zauna da maigidana, shekara shida ke nan da rasuwarsa, ban taɓa kama sunansa ba. Malam nake cewa. Ko a islamiyya in aka zo ƙissar annabin da yake takwaransa, cewa nake annabin da ke jin maganar tsuntsaye. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, tarbiyya ce, haka na ga uwata ta yi. Ni da na kwana biyu ina yi wa 'yar mutane gori, ban tuna ko sau ɗaya ba cewa ni ma sunan bai taɓa bi ta harshena ba.

Na ce, "Mai sunan Malam."

"Wane Malam?"

Matan benci suka fara ƙyalƙyala. Na ce ta ba ni kwalin in nemo da kaina. Ta turo min, na ga katuna duk iri ɗaya, rubutu kamar tafiyar tsutsa. Na ce ɗan Habibu ne. Ta ce ita da sunan yaro take nema, ba ta da lokacin bin dangi. "Hajiya, koma ki zamna, in kin tuna sunan jikanki ki komo. Ta gaba!"

In na tuna! Wata mata ta matso da nata jaririn, na ga malamar ta ɗauko kwalba ta ɗaga ta tana duba abin da ya rage. Baffa ya motsa a bayana, na ji ɗumin numfashinsa a wuyana. Na waiwaya, sai muka haɗa ido da Dije. Ba dariya take ba, ba kuma kallon ramuwa take min ba, da ma shi ne da ya fi min sauƙi. Kallon roƙo take min.

Na dafa teburin na ce, "Sulaimanu."

Muryar da ta fito ban san ta ba. Malamar ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa, da ƙarfi, har na ƙarshen rumfa suka ji, "Sulaimanu Habibu!" Na ji kamar na yi saɓo. Ita kuwa ko a jikinta, ta zaro katin ta ce ai wannan karnen ta gaji da kiransa, ta ɗauka masu shi sun bar gari. Ta ɗiga masa magani a baki, ta tsira masa allura a cinya, ya tsandara ihu, ni kuma na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

Na tambaye ta ko zan iya tafiya da shi Kano, na gaya mata abin da ke yawo a lungunmu. Ta ce a Kano ma za a iya ƙarasa masa, amma in sani zuwa ɗaya bai gama tsare shi ba, sai an yi uku, wata guda tsakani. Nan na yanke shawara ba zan kai shi lungun nan da rabin kariya ba. Ta ce mu koma mu zauna, za ta cike karne ta kira.

Na koma benci na miƙa wa Inna Hajjo yaron, sai wata damuwar ta taso min. Ni gobe zan tafi. Wata mai zuwa za a ajiye kati a kwali, za a kira sunan nan, tsohuwa ba za ta ji ba. Bakina kuma ya mutu, ba ni da sauran gorin da zan yi wa kowa.

Can malamar ta ɗaga katin ta ce, "Uwar Sulaimanu!"

Har na yunƙura, sai na koma na zauna, na damƙe bakin benci da hannu biyu. Ban dubi Dije ba. Rumfa ta yi tsit, don yanzu kowa ya san labarin.

"Uwar Sulaimanu!"

Na ji benci ya motsa. Dije ta miƙe, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ta ce, "Na'am. Ga ni." Ta taka har gaban tebur ta karɓi katin, ta tsaya aka gaya mata ranar dawowa ta maimaita. Da ta juyo ba ta koma wurin zamanta ba. Ta sunkuya gaban mahaifiyarta ta ɗauki yaron, yana ta shessheƙar kukan allura, ta saɓa shi a baya ta ɗaure zani a gaban matan gari duka. Inna Hajjo ta riƙe baki tana salati. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, don ba na son Fulanin nan su ga Bakanuwa tana kuka a rumfar asibiti.

Washegari na kamo hanyar gida ni kaɗai, na shigo Jakara ana kiran la'asar. Saura zuwa biyu a gama wa yaron, kuma yanzu in an kira akwai mai tashi.